Kundin da nake koyarwa an jingine shi, ɗalibaina kuma suna naɗar muryata

Assalamu alaikum Baba. Ina gaishe ka da aiki, ina gaida iyali.

Ni malami ne ɗan kwantaragi a wata makarantar gaba da sakandare a nan Tawa, Jamhuriyar Nijar. Darasin da aka ba ni shi ne tsarin mulkin ƙasa da na jihohi da ƙananan hukumomi, ga ƴan shekarar farko da ta biyu. Takardun da nake koyarwa da su gadonsu na yi daga malamina na Yamai, kuma duk a kan kundin tsarin mulkin 2010 aka gina su. Kwanan baya ina cikin bayanin yadda kansiloli ke zaɓen magajin gari, sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce (Mushe suke kirana, wato malam): "Mushe, wane magajin gari? Mu kantoma gare mu. Abin da aka riga aka binne kake koya mana." Aji ya fashe da dariya. Raina ya ɓaci, na ce masa mu haɗu ranar jarrabawa.

Tun daga ranar ajin ya rabu biyu. Wasu so suke in yabi masu mulkin yanzu, wasu so suke in ce na da sun fi. Duk abin da na faɗa sai a ce na nuna gidana. Ana cikin haka wata ɗaliba ta raɗa mini cewa akwai mai naɗar muryata da salula, har an yanko wani guntu an jefa a WhatsApp ɗin ajin. Ba wani mugun abu na faɗa ba, amma barci ya ƙaurace mini. Yanzu karanta takarda kawai nake yi suna rubutawa, ba tambaya ba amsa, rabin ajin ma sun daina zuwa. Mai ɗakina ta ce in roƙi a sauya mini darasi. Mahaifina ya ce in bar aikin in bi yayana Abijan in kama kasuwanci. Ni kuwa ina son aikin nan. Yaya zan yi?

Ɗanka, wani malami a Tawa.

Wa alaikumus salam, ɗana.

Yaron nan gaskiya ya faɗa, kuma kai ma ka san gaskiya ya faɗa, shi ya sa abin ya yi maka zafi. An jingine kundin 2010 bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. A watan Afrilun 2024 aka rushe majalisun jihohi da na birane da na ƙananan hukumomi, aka naɗa kantomomi. A watan Maris na 2025 aka fito da sabon daftarin sake gina ƙasa, aka rushe jam'iyyun siyasa. Yaron da ya ji malaminsa yana bayanin zaɓen magajin gari kamar jiya aka yi shi, ya dubi garinsa ya ga ba haka ba, har ya iya buɗe baki ya faɗa, wannan shi ne ɗalibin da darasinka ke nema. Ɗaga masa jarrabawa da ka yi kuskure ne, kuma shi ne ya fara ɓata maka aji, ba siyasa ba. Daga ranar da yara suka ji cewa maki makami ne a hannunka, kowa ya shiga neman nasa makamin, mai salula ya ciro salula. Ka janye maganar a gaban ajin da ka faɗe ta, da sunan yaron, cikin jimla biyu, ba sai ka yi dogon jawabi ba. Girmanka ba zai zube ba.

Sai dai rabin gaskiya ce a bakinsa. Ɗaya rabin yana hannunka, kuma takardun malaminka sun rufe maka ido ba ka gan shi ba.

Ka ƙirga da kanka. Jamhuriya bakwai muka yi. Sojoji sun karɓi mulki a 1974 da 1996 da 1999 da 2010 da 2023. Malamin da ya tsaya a aji a 1995 yana koyar da kundin jamhuriya ta uku, lokacin da Mahamane Ousmane da firaministansa Hama Amadou ke zaman doya da manja, kafin shekarar karatu ta ƙare Ibrahim Bare ya shafe masa allo. Wanda ya koyar da na 1999 ya wayi gari a 2009 Tandja ya rushe majalisar dokoki da kotun tsarin mulki, an yi ƙuri'ar tazarce a watan Agusta, jamhuriya ta shida kuma ba ta cika shekara ba. Kai ba farau ba ne. Duk wanda ya koyar da kundi ɗaya a ƙasar nan kamar saukakke ne daga sama, rana ɗaya wani yaro zai ɗaga masa hannu. Bakanike na kirki ba ya koya wa yaronsa mota ɗaya, yana koya masa inda mai ke bi da inda wuta ke bi, duk motar da aka turo sai ya gane kanta. Abin da za ka koya wa naka yaran shi ne su riƙa tambayar kowace kujera: wa ya ɗora mai ita, wa zai iya sauke shi, daga ina kuɗin da yake kashewa ke fitowa. Waɗannan tambayoyin ba su tsufa, kuma ba su da jam'iyya.

Gwada su a nan gida ka gani. Gwamnan Tawa daga Yamai ake naɗo shi, a yau da kuma zamanin kundin 2010, bai taɓa zama zaɓaɓɓe ba. Haka perefe, wato shugaban gunduma, na Ƙonni da na Madawa da na Buza da na sauran gundumomin jihar, goma sha biyu ke nan duka. Sarkin kanto, masu garuruwa ne ke zaɓarsa daga cikin ƴaƴan gidan sarauta, ministan cikin gida ya tabbatar, kuma wannan kujera ta ga wucewar Turawa da Diori da Kountche da duk wanda ya biyo baya. Abin da ya sauya a 2024 shi ne ɓangaren zaɓaɓɓu: majalisar jiha da kansiloli da magajin garin da suke fitarwa daga cikinsu. Idan ka zana wannan a allo, kowace kujera da layinta, yara za su ga da idonsu wane layi ne ya katse, wane ne bai motsa ba. Za su kuma ga abin da masu cewa "na da sun fi" ba su son tunawa: kansilolin da aka zaɓa a farkon 2011 wa'adin shekara biyar gare su, amma ba a sake zaɓe ba sai Disamban 2020, ana ta ƙara musu wa'adi. Majalisar ministoci ta sha tuɓe magadan gari a zamanin farar hula, har an rushe majalisar birnin Yamai a 2017 aka ɗora naɗaɗɗu. Masu cewa "na yanzu sun fi" su ma za su ga nasu: kantoma ba mutanen gari ne suka ɗora shi ba, ba su ne kuma za su sauke shi ba. Ba ka yabi kowa ba, ba ka zagi kowa ba. Shekaru da layuka kawai ka rubuta.

A nan kundin 2010 da dokar ƙananan hukumomi ta Satumban 2010 za su dawo maka da amfani. Ba za ka iya nuna wa yaro abin da aka rushe ba in bai san yadda yake a tsaye ba. Sauyin da za ka yi ƙarami ne amma shi ne komai: ka daina cewa "ana yi", ka koma cewa "daga shekara kaza zuwa shekara kaza haka aka yi, ga dalilin da ya sa aka tsara shi haka, ga abin da ya maye gurbinsa".

Dalilin kuwa a jiharku ya samo asali, kuma ina mamakin yadda littattafai ke wuce shi da gudu. Kisan da sojoji suka yi wa Abzinawa a Cintabaraden a watan Mayun 1990 yana cikin abubuwan da suka hura wutar tawayen arewa. Cikin manyan buƙatun ƴan tawayen akwai a bar wa yankuna ragamar harkokinsu, kuma yarjejeniyar 24 ga Afrilun 1995, wadda muke hutun ranarta kowace shekara, ta ɗauki alkawarin sakar wa yankuna mara. Zaɓen ƙananan hukumomi na Fabrairun 1999 ya watse cikin rigima aka soke shi. Sai a watan Yulin 2004 aka samu zaɓaɓɓun kansiloli a ƙananan hukumomi sama da 250 a faɗin ƙasa, majalisun jihohi kuma sai 2011. Ɗalibinka ɗan Abalak ko Tasara yana da kawu ko kaka da ya ga wannan zamanin. Ka kuma koma baya zuwa Samariya da majalisun raya ƙasa na zamanin Kountche, waɗanda aka gina tun daga ƙauye har sama ba tare da jam'iyya ba. Ka ba su wannan, ka ba su tsarin yau, ka ce su jera kamanni da bambanci a shafi biyu. Kai kada ka ce uffan. Za ka sha mamakin abin da za su rubuto.

Kuma Allah ya ba ka abin da malamin Yamai zai yi kishinsa: Sakkwato tana bayan gidanka. Daga Ƙonni zuwa Illelar Najeriya ɗan kabu-kabu ne ke kai mutum. Harshe ɗaya, dangi ɗaya, kasuwa ɗaya, amma tsarin mulki biyu da suka yi hannun riga. Gwamnan Sakkwato zaɓarsa ake yi, shekara huɗu, ba ya wuce wa'adi biyu. Yana da majalisar dokoki mai kujeru 30 da ke yin doka ta kanta, da ƙananan hukumomi 23, da kason da ke zuwa daga Abuja kowane wata. Jihohin can ne suka iya ƙaddamar da shari'a a ƙashin kansu, Zamfara ta fara, Sakkwato ta biyo a 2000, abin da babu gwamnan da zai iya a nan, domin mu doka ɗaya ce daga Diffa har Tilaberi. Amma kada ka bari su tashi da tunanin can aljanna ce. Gwamnonin can sun daɗe suna riƙe kuɗin ƙananan hukumomi ta asusun haɗin gwiwa, suna naɗa shugabannin riƙo yadda suka ga dama, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kai tsaye. Tambayar da za ka jefa musu ita ce: mai sayar da albasa a Galmi da mai sayar da albasa a Gwadabawa, wa ya fi sanin ƙofar da zai buga idan hanya ta lalace? Maganar maƙwabta ta fi sauƙin faɗa a aji, kuma duk abin da suka gano a can, da kansu za su juyo da shi gida. Amurka da jihohinta 50, zama ɗaya ya ishe ta. Faransa kuwa takardunka sun riga sun cika da ita, rage ma za ka yi.

Yanzu ga abin da na fi so ka yi, wanda ina ganin shi zai dawo maka da rabin ajin da suka gudu. Ka fitar da su daga aji.

Ranar Lahadi kasuwar Tawa ke ci. Ka tura yara uku su tsaya kusa da mai karɓar kuɗin kasuwa, su kalle shi yana yage tikiti yana miƙa wa mai tumatir. Su sayi wani abu, su roƙi mai tumatir ta nuna musu tikitin. Akwai lamba a kai? Akwai hatimi? Nawa aka rubuta, nawa ta biya? Akwai waɗanda ya karɓa a hannunsu bai yaga musu komai ba? Daga nan su bi kuɗin: hannun wa yake kai shi da yamma, nawa ne ladansa, wane ne ma'ajin da ke shigar da shi, wa ke sa hannu kafin a fitar da shi a kwashe shara. Wannan ƴar takardar da iska ke ɗauka a bakin rumfa, rabin darasinka yana cikinta. Wasu uku su je wurin mai gari ko mai unguwa su tambayi yadda ake tara lanho, wato haraji, da dalilin da ya sa mutane ke ƙin biya. Amsar da za su ji, "mun biya bara, me muka gani?", ta fi kowane babi na littafi bayyana abin da ke tsakanin mai mulki da wanda ake mulka.

Wata rana ka shiga aji ka ce duk wanda takardarsa ta nuna an haife shi ranar 1 ga Janairu ya ɗaga hannu. Ka ga yawan hannuwan. Bayan an gama dariya, ka tambaye su me ya sa. Daga nan za ku shiga maganar rajistar haihuwa: wa ke karɓar shaida a ƙauye ko a likita, wa ke sa hannu a ma'aikatar magajin gari, me ya sa in wa'adi ya wuce sai an je gaban alƙali, da yadda yaro ke kai ajin jarrabawa kafin a gane ba shi da takarda. Kowannensu da labarinsa a kan wannan, har masu zaman bayan aji.

Sai maganar sakin gonaki, wadda ita ce siyasar gaske a Adar. Bayan girbi hukumar jiha ke tsayar da ranar da dabbobi za su iya gangarowa, bayan ta ji daga kwamitocin filaye da sarakuna. In an yi da wuri manomi ya yi kuka, in an makara makiyayi ya yi kuka, in an yi sakaci a zubar da jini. A cikin wannan rana guda akwai dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa, wadda layinta ya ratsa jiharku, akwai dokar karkara ta 1993 da ta kawo kwamitocin filaye tun daga ƙauye har gunduma, akwai dokar kiwo ta 2010, akwai ikon sulhu da aka bar wa sarakuna a kan rigimar gona kafin ta kai kotu. A ajinka akwai ɗan manomi daga Keita, akwai ɗan makiyayi daga Abalak. Ka haɗa su biyu su rubuta rahoto ɗaya a kan burtali ɗaya, kowa ya tambayo ubansa. Wannan gardamar ita ce mai amfani, ba wadda suke kwasowa daga Facebook ba.

Kada ka manta da kuɗi, domin a nan ne yawancin malamai ke yin shiru alhali a nan labarin yake. A 2016 gwamnati ta miƙa wa jihohi da ƙananan hukumomi ayyuka a fanni huɗu: ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. An miƙa aiki, kuɗin bai biyo yadda ya kamata ba, wannan kuka ne da magadan gari na kowace jam'iyya suka yi. Akwai hukumar ANFICT da aka kafa don tallafa musu, akwai kashi 15 cikin 100 na kuɗin ma'adinai da doka ta ce a mayar wa yankin da aka haƙo. Ka ce kowane ɗalibi ya koma ƙauyensu da hutu ya binciko wa ya gina ajin firamare, wa ya haƙa rijiyar, wa ya sayi motar ɗaukar marasa lafiya. Da yawa za su dawo su ce ba gwamnati ba ce, ba ƙaramar hukuma ba ce, ƴan bida ne, wato ƴan ci-rani, da ke Abijan ko Libiya suka yi karo-karo, ko kuma wani furoje ne, wato shirin raya karkara, irin na Keita da Italiya ta fara ɗaukar nauyinsa a 1984. To, sai ka tambaye su: in mai kuɗin yana Abijan, wa ke da ta-cewa a ƙauyen ranar da za a zaɓi inda za a haƙa rijiya?

Mu zo kan salula. Ba zan ce maka tsoronka banza ne ba. Akwai dokar laifukan intanet ta 2019, kuma a 2024 an dawo da hukuncin ɗauri a kan ɓata suna da zagi da yaɗa abin da ake ganin zai ta da hankalin jama'a. Guntun magana da aka yanke kansa da ƙafarsa yana iya jawo wa mutum sammaci. Baki shi ke yanka wuya. Amma shirun da ka koma ba kariya ba ne, kashe aikin ne da hannunka, kuma ɗan kwantaragin da ajinsa ya watse shi ma yana kan hanyar gida.

Ka daina farautar mai naɗar. Ba za ka same shi ba, kuma yarinyar da ta raɗa maka ita za ka jefa cikin wahala, kada ma ka nuna ka ji daga bakinta. Maimakon haka ka ajiye taka salular a kan tebur, ka ce musu daga yau kai da kanka za ka riƙa naɗar darasi daga bismilla har fatiha, ka ba wakilin aji ya raba wa wanda bai zo ba. Wanda ke yanko guntu ya rasa kasuwa, domin cikakken yana hannun kowa, kuma yana hannunka ranar da wani zai ce ka ce kaza. Ka rubuta tsarin darasinka mako-mako, ka kai wa shugaban sashenku ya karanta ya sa hannu, ka ajiye kwafi a gida. Ka fita daga WhatsApp ɗin ajin, sanarwa ta bi ta hannun wakili. Maganar tsaro, inda sojoji suke, harin da aka kai, wa ya mutu, ba darasinka ba ne, in an kawo ta ka ce ba darasinka ba ne ka wuce. Kada kuma ka tura yaro bincike inda hanya ba ta da lafiya. Cikin gari da ƙauyen da aka haife shi sun isa.

Za su tambaye ka, ba makawa: "Mushe, kai wa kake so?" Kada ka ce ba ka da ra'ayi, ƙarya ce kuma za su gane. Ka ce kana da shi kamar kowane ɗan ƙasa, amma ba shi aka ɗauke ka ka koyar ba, kuma wanda ya ci jarrabawarka ba zai san shi daga makinsa ba. Abin da ba zan yarda ka yi ba shi ne ka lanƙwasa abin da ya faru don tsoro. In an tambaye ka me kundin 2010 ya ce game da hawa mulki, ka buɗe ka karanta. In an tambaye ka wane dalili sojoji suka bayar, ka karanta sanarwarsu kamar yadda take. Takarda da kwanan wata su yi magana, sifa da kirari ka bar su a ƙofa. "An naɗa kantoma a 2024" bayani ne. "An ƙwace mana gari" ko "an ceto mana gari" hukunci ne, kuma na ɗalibi ne ya yanke bayan ya bar hannunka.

Rabuwar ajin kuma kada ta ba ka mamaki. Tawa ce. Mahamadou Issoufou ɗan Dandaji ne a gundumar Illela, ya yi shekara goma a kan mulki daga 2011 zuwa 2021. Akwai gidajen da suka ci moriyar zamanin, akwai waɗanda suka ji an bar su a rana, kuma yaran nan faɗan iyayensu suka ɗauko suka shigo da shi aji. Ba za ka sasanta shi ba, amma za ka iya ba su wani faɗan da ya fi shi. Ka ƙirƙiro ƙaramar hukuma, ka ba ta suna, ka ba ta ƙauyuka goma da kasafin miliyan sittin na sefa, rabinsa kuma albashi da man mota sun riga sun cinye. A jefa ƙuri'a a raba matsayi, ba zaɓi ba: wannan kansila, wannan perefe mai duba ko shawarar ta bi doka, wannan sarki mai bakin magana a majalisa amma ba ya jefa ƙuri'a, kamar yadda dokar 2010 ta tsara. Kashi ɗaya cikin huɗu na kujeru na mata, bisa gyaran 2019. Ka sa manyan abokan gaba biyu a ƙauye ɗaya, su nemi rijiya tare. Mako na gaba ka rushe majalisar, ka naɗa kantoma daga cikinsu, a sake raba kuɗin nan. Wanne ya fi sauri, wanne ya fi jin kukan ƙauyen da ke can ƙurya, su rubuta abin da suka gani. Shi yaron da ya ce maka an binne, shi za ka naɗa kantoman.

Mai ɗakinka ba darasin take ƙi ba, mijinta take gani ba ya barci. Ka zaunar da ita ka nuna mata takardar da shugabanka ya sa wa hannu, ka gaya mata abin da ka daina yi da abin da ka fara. Mahaifinka kada ka yi masa musu. Ka roƙe shi ya yi maka addu'a ya ba ka zuwa ƙarshen shekarar karatu, Abijan ba gudu za ta yi ba. In kuwa shugaban sashen ya ƙi sa hannu, ko aka kira ka wani ofis a kan abin da ka faɗa a aji, to shawarar mai ɗakinka ta zama daidai, ka nemi sauyin darasi ba tare da jin kunya ba. Kana da iyali, ba wanda ya ɗora maka zama gwarzo.

Kafin yara su fita, ka samo musu takardar gabatarwa mai hatimin makaranta, su tafi bibbiyu ko uku-uku, da littafi da biro, ban da ɗaukar hoto ko murya. Su fara gaida mai wurin, su faɗi daga inda suke. Wani ofishin zai karɓe su har da ruwan sanyi, wani zai ce sai sun kawo izini daga sama. In an kore su kada su ja, su rubuta wa ya ce a'a, wace takarda ya nema, daga ofishin wa ya ce a kawo ta. Ka ba wannan rahoton maki daidai da na waɗanda aka buɗe wa littafin kasafi.